Yadda za ka karanta waƙoƙin Safo, mawaƙiyar Girka da baitocinta suka iso mana a yage

Ranar da na fara buɗe waƙoƙin Safo a waya na ɗauka fayil ɗin ne bai gama sauka ba. Shafi guda, kalma uku a sama, sai fili fari fat, sai wata 'yar baka mai kusurwa a gefe, sai kalma biyu can ƙasa, shikenan wai waƙa ta ƙare. Sai daga baya na gane ashe haka abun yake, ba matsalar intanet ba ce, abun da ya rage kenan daga waƙar matar da mutanen da suka zo bayanta suke jera sunanta da na Homa, babban mawaƙin Girkawan da. Mutane da yawa a nan suke ajiye ta, su ce ba su ga komai ba. Shi ya sa nake so in nuna maka hanyar da na bi har waƙoƙin suka fara min magana, don wallahi asara ce mutum mai son waƙa ya wuce wannan matar.

Fara da sanin ita wacece, amma a taƙaice, kar ka nutse a nan tukuna. An haife ta wajen shekara ta 630 kafin miladiyya a tsibirin Lesbos, cikin tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya ta yau, kuma tsibirin ya ma fi kusa da gaɓar Turkiyya nesa ba kusa ba. Ta zauna a babban birninsu Mitilini, 'yar manyan gida ce, ta rasu wajen 570 kafin miladiyya. Wato sama da shekara 2500 kenan. Idan za ka neme ta a Google rubuta Sappho, haka Turawa ke rubutawa, ita kuwa a karin harshen garinsu Psafo take kiran kanta a cikin waƙa. Wannan ya ishe ka ka shiga. Sauran labarin rayuwarta bari sai ka ji muryarta, zan gaya maka dalili a gaba.

Abu na gaba shi ne ka fahimci me ya sa shafukan suke da ramuka, domin idan ba ka gane wannan ba haushi kawai za ka ji. Malaman babban laburaren Iskandariyya a Masar sun tattara waƙoƙinta, wajen shekara ɗari uku bayan rasuwarta, suka raba su littafi littafi, galibi ana cewa tara, kuma littafi na farko kaɗai layi 1320 ne. Masana na ƙiyasta duka abun da ta yi ya kai layi 10,000. Abun da ke hannu yau bai wuce layi 650 ba. Za ka ci karo da labarin cewa wai malaman coci ne suka tara littattafanta suka cinna musu wuta, ana yawan yaɗa shi, amma babu hujja tsayayya a kai. Abun da ya fi kama hankali shi ne karin harshenta na Lesbos ya yi wa na baya wuya, makarantu suka fi karantar da Girkancin Atina, sannan da aka bar naɗaɗɗiyar takardar fafirus aka koma littafi mai shafuka, duk abun da ba a sake kwafa ba ya ruɓe. Kowa ya san yadda tsohon kundin kaka yake ƙarewa idan babu jikan da ya zauna ya kwafe shi, gara da danshi ba sa jiran kowa.

To wanda ya tsira ta hanya biyu ya zo. Ta farko, wasu marubuta sun ɗauko baitinta a littattafansu don su ba da misali, wani malamin nahawu yana son nuna yadda mutanen Lesbos ke furta wata kalma sai ya kawo rabin layi, wani malamin ma'aunin waƙa ya kawo layi biyu, ya wuce abunsa. Ta biyu kuma juji ne, juji na gaske. A wani gari a Masar da ake kira Bahnasa yanzu, da can Oksirinkus, kudu da Alƙahira, wasu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, suka fara tona tsoffin jujin garin a farkon 1897, kuma saboda wurin busasshe ne ba ruwan sama sai takardun da mutane suka zubar tun zamanin Rumawa suka fito, rasiɗai, wasiƙu, takardun haraji, a cikinsu har da yagaggun waƙoƙin Safo. Akwai ma guda ɗaya da ba a takarda aka same ta ba, a jikin fasasshen kasko aka rubuta ta, wani ya ɗauki tsingaro ya kwafe baitoci da kurakurai da yawa kamar ɗalibi mai koyo, yana Fulorens a Italiya yanzu, an buga shi a 1937. Ita ce waƙa ta 2, inda take kiran Afrodita, wadda Girkawa suka ɗauka allahiyar soyayya, zuwa wani lambu, ga hayaƙin lubban yana tashi, ga ruwan sanyi yana ƙara ta cikin rassan tuffa, ga inuwar wardi, barci kuma yana zubowa daga ganyaye masu kaɗawa. Ka tsaya ka yi tunani, wannan duk a bayan tsingaro ya kwana shekara dubu biyu da wani abu.

Yanzu sai alamomin shafi. Waƙoƙinta ba su da suna, lamba ake kiransu da ita, kuma yawancin fassarori suna bin lambobin Lobel da Page na 1955 ko na Eva-Maria Voigt na 1971, waɗanda kusan duk sun yi daidai da juna. Don haka idan na ce 31, ko'ina ka je 31 ce, sai dai wasu tsoffin fassarori da suka yi nasu jerin, waɗannan ka duba bayan littafin yawanci akwai teburin da ke haɗa lambobin. Baka mai kusurwa tana nufin nan takarda ta yage. Idan ka ga kalma a cikin bakar, to hasashen malami ne, ba lallai Safo ce ta faɗa ba. Ɗigo a ƙarƙashin harafi a rubutun Girkanci yana nufin harafin ya goge, ana dai zato ne. Dan Allah ka zaɓi fassarar da ta bar ramukan a fili, ta Anne Carson ta 2002 tana haka, ta Diane Rayor ma ba ta ɓoye su. Wasu masu fassara sukan cike gurbin da nasu kalmomin su miƙa maka waƙa sumul kamar ba abun da ya same ta, ka karanta ka ji daɗi alhali rabin daɗin na wani bature ne.

Kar ka fara daga shafin farko ka bi a jere har ƙarshe kamar littafin labari, za ka gaji a tsakiya inda kalma ɗaɗɗaya ce kawai. Fara da waƙa ta 1, ita ce wadda ta iso cikakkiya, layi 28, kuma wani malamin balaga mai suna Diyonisiyus ne ya kwafe ta dukanta don ya nuna yadda ake jera kalmomi su yi santsi, da bai yi haka ba da ita ma ta tafi. Addu'a ce ga Afrodita. Safo na cewa kar ki karya min zuciya da baƙin ciki, ki zo kamar yadda kika taɓa zuwa, a keken da 'yan tsuntsaye gwara ke ja, kika yi murmushi kika tambaye ni, me kuma ya same ki, me kuma ya sa kike kirana, wa kuma zan shawo miki, Safo wa ya zalunce ki? Ka lura da wannan "kuma" ɗin, a Girkancin kalma ɗaya ce ta maimaita har sau uku, kuma ita ce ran waƙar, domin tana nuna maka ba yau aka fara ba, kamar dai uwa da 'yarta ta sake shigowa ɗaki da kuka kan magana ɗaya. Sai Afrodita ta yi alkawari, in tana gudu ba da jimawa ba za ta biyo, in ta ƙi karɓar kyauta ita za ta bayar, in ba ta so za ta so ko ba ta shirya ba. A ƙarshe Safo ta roƙe ta da kalmar fagen yaƙi, ki tsaya min, ki zama abokiyar dagata.

Daga nan ka wuce 31, kuma nan nake so ka daɗe. Wani tsohon littafin balaga da ake jingina wa Longinus ne ya adana ta. Mutum uku ne a wurin, wani namiji yana zaune yana fuskantar wata mace yana jin zaƙin maganarta da dariyarta, sai mai waƙar tana kallo daga gefe. Ta ce wannan mutumin a ganinta daidai yake da alloli, daga nan ba ta sake komawa kansa ba, sai ta juya kan jikinta tana lissafa abun da ke faruwa ɗaya bayan ɗaya, zuciya tana fat-fat a ƙirji, magana ta ƙi fita, harshe ya karye, wata siririyar wuta tana gudu a ƙarƙashin fata, ido ba ya gani, kunne yana shuu, gumi yana zuba, makyarkyata ta kama ta ko'ina, ta fi ciyawa kore, saura kaɗan ta mutu. Ka duba da kyau, ko sau ɗaya ba ta ce ina sonki ba, ba ta ce ina kishi ba, ba ta ma siffanta fuskar matar ba. Alamomin kawai ta jera kamar mara lafiya a gaban likita, kai ne za ka faɗi sunan ciwon. Yadda nake yi shi ne in karanta layi ɗaya in tsaya in tambayi kaina ko na taɓa jin wannan a jikina, kuma gaskiya duk wanda ya taɓa zama a taron biki yana kallon wanda yake so yana hira da wani zai amsa tun kafin a kai rabi. Bayan nan sai baiti na biyar ya fara da cewa amma dole a jure komai, sai ya yanke. Sauran babu.

Wancan "ta fi ciyawa kore" ɗin shi ne dalilin da zai sa ka ajiye fassara biyu a gabanka, ba ɗaya ba. Kalmar Girkancin tana ɗaukar kore, tana ɗaukar fatsi-fatsin da mutum ke yi idan ya ɗashe, tana kuma ɗaukar ɗanye mai laima, don haka wani mai fassara zai ce kore wani ya ce ɗashewa, kowa da hujjarsa. Inda fassara biyu suka saɓa, nan ne abun yake, ka sa alama a wurin. Haka a 130, inda ta kira so da wata halitta mai rarrafe da ba a iya yaƙa, mai sassauta gaɓoɓi, ta haɗa kalma biyu ta yi ɗaya, zaƙi da ɗaci. Turanci yakan juya ya sa ɗacin a gaba, ita kuwa zaƙin ta fara faɗa, ɗacin ya biyo, kuma mu da muke cewa zuma da maɗaci mun ma fi kusa da jerinta.

Sai 16, wadda daga jujin Bahnasa ta fito aka buga a 1914. Ta ce wasu na cewa rundunar mahaya ce abu mafi kyau a bayan ƙasa, wasu dakaru, wasu jiragen yaƙi, ni kuwa na ce abun da mutum yake so ne. Ta kawo hujja da Helen ta tsohon labarin Girkawa, wadda ta fi kowa kyau amma ta bar mijinta ta shiga jirgi zuwa birnin Taroy ba ta tuna 'yarta ba balle iyayenta, daga nan sai tunanin Anaktoriya ya faɗo mata, wadda ba ta nan, ta ce gara ta ga tafiyarta da hasken fuskarta da ta ga kekunan yaƙin Lidiya, wata daula mai ƙarfi da ke maƙwabtaka da su, da sojojinsu cikin sulke. A zamanin da waƙoƙin maza da yawa na yaƙi ne da jarumta, mace ta ɗora tafiyar mutum ɗaya a sikeli ta ce ta rinjayi runduna, ni wannan ƙarfin halin nake so a wurinta.

Duk wannan da ƙarfi za ka karanta, ba a zuci ba. Safo ba don takarda ta yi su ba, rerawa ake yi da wani abun kiɗa mai tsirkiya da ake kira lira, dangin molo, wani lokacin ita kaɗai wani lokacin 'yan mata na amshi. Kuma ga wani abu da mu Hausawa muka fi mai Turanci sa'a a kai, waƙar Girka ba da amsa-amo take tafiya ba, da gaɓa mai nauyi da mara nauyi take tafiya, doguwa da gajera, irin dai yadda rubutacciyar waƙarmu ke hawa karin aruli. Baitin da ake kira da sunanta layi huɗu ne, uku na farko kowanne gaɓa 11, na huɗu gajere gaɓa 5, kamar mutum ya yi dogon numfashi sau uku sannan ya sauke. Ka nemi inda ake karanta waƙa ta 1 da Girkanci a YouTube ka saurara ko ba ka jin kalma ɗaya, ka dinga buga yatsa a cinya, kunnenka zai kama wannan gajeren layin na ƙarshe.

Idan ka gama manyan sai ka shiga ƙananan, kaɗan kaɗan, biyu ko uku a rana sun isa. Da yawa na biki ne kuma za ka ji kamar a gida. A 111 ana ce wa kafintoci su ɗaga rufin ɗaki don ango na zuwa kuma ya fi dogon mutum tsawo, a 110 ana tsokanar mai tsaron ƙofar ango cewa takalminsa fatar shanu biyar ya ci kuma dukawa goma suka yi aikinsa, irin dai shaƙiyancin ƙawayen amarya da abokan ango ranar sayen baki. A 105a an kwatanta yarinya da jan tuffa can ƙololuwar reshe, masu tsinka sun manta da shi, sai ta gyara maganar ta ce a'a ba mantawa suka yi ba, hannunsu ne bai kai ba. A 104a tana magana da tauraruwar yamma, wadda mu muke kira Zara, cewa ita ke dawo da duk abun da asuba ta watsa, ta dawo da tunkiya, ta dawo da akuya, ta dawo da yaro wurin uwarsa. A 102 kuma yarinya ce ke ce wa uwarta ta kasa saƙa saboda bege ya fi ƙarfinta. Ka samu ɗan littafi ka dinga juya irin waɗannan zuwa Hausa da kanka, layi biyu ne, kuma nan za ka gane nauyin kowace kalma.

Yanzu ne lokacin labarin rayuwarta, kuma ka kasa shi kashi uku kar ka cakuɗa. Kashi na farko abun da ya fito daga waƙoƙin, akwai Kilayis, wadda yawancin masana suka ɗauka 'yarta ce, ta ce kamar furen zinariya take kuma ba za ta musanya ta da duk ƙasar Lidiya ba. Akwai 'yan uwanta maza, Karaksos da Larikos, waɗanda sunansu ya fito a waƙar da aka buga a 2014, duk da cewa har yanzu akwai ayar tambaya kan hanyar da takardar ta bi ta fito daga Masar. Kashi na biyu abun da marubutan baya suka faɗa, kamar Hirodotus da ya ce Karaksos ya kashe dukiya mai yawa a Masar ya fanshi wata karuwa mai suna Rodofis, da ya dawo gida Safo ta yi masa tatas a waƙa, da kuma wani rubutun dutse da ya ce an kore ta zuwa Sisili wajen shekara ta 600, lokacin da manyan gidajen Mitilini ke rikicin mulki. Kashi na uku ƙanzon kurege ne, wai ta faɗo daga kan dutsen Lukas ta kashe kanta saboda wani mai fito da kwale-kwale Fawon ya ƙi ta. Wannan a wasannin barkwanci na Atina ya yaɗu, shekaru da yawa bayan ta rasu, kuma waƙa ta 58 ma ta nuna mace ce da ta ga tsufa. Shi ya sa na ce ka fara da muryarta, wanda ya fara da Fawon duk baitin da ya gani sai ya ce ai da Fawon take.

Ita 58 ɗin darasi ce a kanta. Tun 1922 ake da wani yanki nata, amma ƙarshen layuka kawai, farkonsu ya yage, malamai suka yi ta hasashe. Sai a 2004 aka gano wata takarda a jami'ar Kolon ta Jamus, cikin tsoffin takardun da Misirawa ke mannawa su yi wa gawa kwali, aka haɗa biyun waƙar ta kusa cika. Tana ce wa 'yan mata su riƙe waƙa da kyau, ita kam gashinta baƙi ya koma fari, zuciya ta yi nauyi, gwiwoyin da da suke rawa kamar 'ya'yan barewa sun daina ɗaukarta, tana yawan nishi amma ya za ta yi, ɗan adam ba shi da hanyar ƙin tsufa. Shekara 82 ana jira kafin a ji wannan. Don haka idan ka ga rami ka bar shi rami, kuma ka yi hattara da kalaman da ake liƙa wa hotonta a Facebook, duk wanda bai zo da lamba ba kar ka yarda nata ne.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba don na san za ka ci karo da ita tun binciken farko. Da yawa daga waƙoƙin begen Safo mata take yi wa, Attis, Anaktoriya, Gongila, kuma wadda ake magana a kanta a 1 da 31 mace ce, nahawun Girkancin ya nuna. Daga sunan tsibirinta ne Turawa suka ciro kalmarsu ta maɗigo a ƙarni na 19. Masana sun daɗe suna jayayya kan wane irin zama ne tsakaninta da matan nan, wasu sun ce makaranta ta buɗe, wasu sun ce shugabar 'yan amshi ce, wasu sun ce ƙawaye ne, waƙoƙin da kansu ba su ambaci makaranta ba. Wasu tsoffin masu fassara har juya "ita" suka yi ta koma "shi" don kunya, ni kuma a ganina wannan ha'inci ne ga mai karatu. Ka karanta abun da ta faɗa yadda ta faɗe shi, a matsayin matar wata al'umma mai bautar alloli da yawa wadda ta rayu sama da shekara dubu kafin zuwan Musulunci, da al'adunta daban da naka. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi saboda harshe da fasaha ba tare da sun ɗauki rayuwarsa abun koyi ba, da wannan idon nake zama da Safo.

Ta ƙarshe da zan ba ka ita ce 168B, layi huɗu kacal, wani malamin ma'aunin waƙa ne ya kawo ta ba tare da ya faɗi mai ita ba, don haka wasu masana suna shakkar ko tata ce, amma karin harshen na yankinsu ne kuma yawancin fassarori suna saka ta. Cewa take wata ya faɗi, taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta su ma sun faɗi, dare ya raba, lokaci yana wucewa, ni kuma ina kwance ni kaɗai. Wannan kar ka karanta ta a ɗaki. Ka bari sai wajen ƙarshen Fabrairu, lokacin kazar tana faɗuwa daf da sha biyun dare, ka zaɓi daren da wata yake ɗan kwana biyar ko shida don shi ma ya riga ta faɗuwa. Ni a tsakar gida na yi, an ɗauke wuta unguwar ta yi tsit sai kukan kare can nesa, na shimfiɗa tabarma na fuskanci yamma, na ga wata ya sauka bayan katangar maƙwabta, kazar ta biyo shi a hankali har ƙura ta haɗiye ta, sannan na kunna waya na rage hasken sikirin na karanta layuka huɗun a bayyane, sau biyu.